Filin Tambaya da Amsa: An kawo mana sabbin lambobin tiyata, ta ina zan fara koyar da ma'aikatana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ce shugabar sashen rekod a wani asibitin kuɗi a Kaduna, mu bakwai ne a sashen, huɗu suna wajen yankar kati da ɗauko fayil, uku kuma su ne masu sa lamba. Shekara da shekaru lambar cuta kawai muke sawa ta ICD-10, wato littafin da ya ba kowace cuta tata lambar, aikin tiyata kuwa rijista muke buɗewa mu kwafe shi yadda likita ya rubuta. Yanzu masu asibitin sun sayo sabuwar manhaja, sunce saboda harkar inshora dole duk aikin da aka yi wa majinyaci ya samu tashi lambar, kuma wai in shirya bita ta kwana uku shikenan a fara. Naji ance a Amurka an taɓa yin irin wannan canjin. Dan Allah Anti ya suka yi, kuma kwana ukun nan zai ishe mu? Wallahi abin ya hana ni barci.
— Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gara in faɗa miki tun daga farko, kwana uku ba zai isa ba, kuma ki samu masu asibitin ki faɗa musu cikin ladabi tun yanzu kafin kuɗinsu ya maƙale a wajen kamfanonin inshora suzo suna neman wanda zasu ɗora wa laifi, dan ke za'a fara kira.

Abin da kika ji game da Amurka gaskiya ne, kuma ina aiki a sashen rekod na wani asibiti a can lokacin da aka yi shi. Da can lambobin aikin tiyata da suke amfani da su na tsohon littafin ICD-9 ne, kusan guda 4,000, kowacce alƙalami uku ko huɗu, wanda ya daɗe a aikin ma ya haddace waɗanda yake yawan sawa kamar lambar wayar gidansu. Sai aka kawo sabon tsari mai suna ICD-10-PCS mai lamba sama da 70,000. Kamfanin 3M ne ya gina shi wa hukumar gwamnati mai kula da Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta can, an gama shi tun 1998 amma ba'a fara aiki da shi ba sai ranar 1 ga Oktoba 2015. An sa rana a 2013 aka ɗaga, aka sa 2014 majalisar dokoki ta sake ɗagawa da shekara guda, babban dalili kuwa mutane basu shirya ba. Kinga ƙasar da take da kuɗi da kwamfuta a kowane tebur ta yi shekaru tana shiri. Ƙungiyar masu rekod ta can wato AHIMA ta ƙiyasta cewa mai sa lambar marasa lafiyar da aka kwantar yana buƙatar kamar awa 50 na horo, 16 a kan lambar cuta, 24 a kan lambar aiki, 10 kuma na gwaji, kuma wannan lissafin na wanda dama ƙwararre ne yasan sassan jiki. Mu da muka yi, awa 50 ɗin ƙofa kawai ta buɗe mana, sai da muka yi watanni hannu bai faɗa ba.

Abin da nake so ki riƙe shine lamba 70,000 ba'a haddace ta, gina ta ake yi. Kowace lamba gida bakwai gare ta kuma kowane gida tambaya ɗaya yake amsawa. A ɓangaren tiyata gida na farko yana cewa wane sashe ne na littafin, na biyu wane tsarin jiki ne, misali hanji ko hanta ko ƙashi, na uku me aka yi a zahiri, na huɗu wace gaɓa, na biyar ta ina aka shiga, na shida an bar wani abu a jiki ko ba'a bari ba, na bakwai kuma ƙarin bayani. Ana amfani da alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa, banda I da O dan kar a ruɗa su da 1 da 0.

Bari in nuna miki da aikin da nasan ana yinshi a asibitinku kusan kowane sati, cire afendis. In an yanka ciki an cire shi lambar ita ce 0DTJ0ZZ. Sifirin farko tiyata kenan, D tsarin hanji, T an cire gaɓa ɗungurungum, J afendis, sifiri na biyu an buɗe ciki, Z biyun kuma babu abin da aka bari babu ƙarin bayani. In kuma da na'urar hangen ciki aka yi, wadda ake huda ƙananan ramuka, sai sifirin nan ya koma 4, ta zama 0DTJ4ZZ. Gida ɗaya ya canza. Wanda ya gane haka zai iya gina lambar aikin da bai taɓa gani ba, wanda ya haddace kuwa ranar da aka kawo masa sabon abu sai ya tsaya cak.

Gida na uku shine inda ake shan wuya, a nan zaki fi ɓata lokaci da mutanenki. A ɓangaren tiyata akwai asalin aiki iri 31 kuma kowanne yana da ma'anarshi da aka kafa wadda bata canzawa komai sunan da likita ya kira aikin. Biyun da suka fi rikita sabon shiga su ne B da T. Harafin B na nufin an yanke wani ɓangare na gaɓa, T kuma an cire ta duka. Da jin haka kamar ba wuya, toh amma sai ki zo kan huhu: in an cire ɓari ɗaya na huhun dama hankali zai baki cewa ai ɓangare aka cire, amma a tsarin nan kowane ɓarin huhu gaɓa ce mai zaman kanta da harafinta, saboda haka T ne. Mai sa lamba da bai san huhun dama kashi uku ne na hagu kashi biyu ba ta ina zai gane wannan? Shi yasa asibitoci da yawa a can suka fara da maida ma'aikatansu aji suna koyon sassan jiki da kalmomin likitanci tun kafin a buɗe musu littafin lamba, wasu da furfurarsu suna zana jijiyoyin zuciya a takarda, kuma ban ga wanda ya raina ba bayan ya ga amfanin.

Akwai wani fayil da bana mantawa da shi. Wata yarinya ce muke horo tare, mai ƙoƙari sosai ga sauri, aka bamu takardar bayanin tiyata, a sama an rubuta cire madaciya da na'urar hangen ciki. Nan da nan ta sa 0FT44ZZ ta wuce na gaba. Malamarmu ta dawo mata da takardar tace karanta min sakin layi na huɗu da ƙarfi. Ashe a tsakiyar aikin likita ya tarar wajen ya manne da juna baya gani sosai, sai ya cire na'urar ya buɗe cikin ya ƙarasa aikin da hannu. A ƙa'idar tsarin lamba biyu za'a sa, 0FT40ZZ na cirewa ta buɗe ciki, da 0FJ44ZZ na dubawar da aka fara yi da na'ura. Yarinyar ta yi shiru tana kallon takardar, sai tace ai ni kan takardar kawai nake karantawa tun da na fara aiki. Kuma ba ita kaɗai ba, yawancinmu haka muke, dan tsohon tsarin baya tilasta ka karanta har ƙasa. Tun daga ranar na koyi sa yatsa a kan layi ina bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na koyar haka nake sa shi yi, da ƙarfi, a gabana.

Toh ke yanzu me zaki yi. Kafin komai ki je wajen waɗanda suka kawo manhajar da kuma kamfanonin inshorar da kuke hulɗa da su ki tambaya takamaimai wane jerin lambobi suke so, a rubuce. Dan ICD-10-PCS na Amurka ne kuma ko a can ma na waɗanda aka kwantar ne kawai, wanda aka yi wa aiki ya koma gida a ranar da kuma kuɗin aikin likita da wani littafin daban ake yi mai suna CPT. Ingila nasu OPCS-4 ne, Kanada CCI, Jamus OPS, Faransa CCAM, kowa da nashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata na ayyuka mai suna ICHI wanda shima ginawa ake yi da tambaya uku, me aka yi wa aikin, me aka yi mishi, da me aka yi. Kar ki yi wata biyu kina koyar da littafin da ba shi za'a karɓa ba. Amma ko wanne suka ce, hanyar koyarwar ɗaya ce.

Ki buɗe rijistar ɗakin tiyatarku ta shekarar da ta wuce ki ƙirga ayyukan da aka fi yi. Zaki ga basu wuce ashirin ko talatin ba su ne kusan duka aikin, tiyatar haihuwa, afendis, ƙaba, ƙarin mahaifa, karaya, wankin ciki bayan ɓari. Da su zaki fara. Ki roƙi likita ɗaya ko nas ɗin tiyata ya riƙa baku awa ɗaya a sati yana zana muku gaɓar a allo yana cewa nan muke shiga nan muke yankewa, in ma asibitin ya yarda kuma an kiyaye sirrin majinyaci su leƙa suga kayan aikin da idonsu, gani ya kori ji. Sannan ki ɗauko tsofaffin fayil na gaske, ki rufe sunayen, ki ba mutum ukun nan fayil iri ɗaya kowa ya sa lambarshi shi kaɗai ba tare da ya leƙa ta wani ba, ku zauna ku kwatanta. Inda suka saɓa nan ne darasin ranar. Mu a can watanni muka yi muna sa lamba biyu a fayil ɗaya, tsohuwa dan a biya asibiti, sabuwa dan mu koya, aiki ya ninka gaskiya amma shine ya cece mu ranar da aka juya.

Sai maganar sauri, wannan ki faɗa wa masu asibiti ƙarara. Watannin farko aiki zai yi nauyi, wanda yake gama fayil ashirin a rana zai dawo ƙasa sosai, ba lalaci bane karatu yake. A Amurka tun 1983 Medicare take biyan asibiti dunƙulallen kuɗi a kan kowace kwanciya gwargwadon rukunin da lambobin suka jefa majinyacin, fayil ɗin da ba'a sa wa lamba ba kuwa ba'a tura takardar neman kuɗinshi, shi yasa asibitoci suka ɗauki ma'aikatan wucin gadi suka biya obataim a lokacin canjin. Maƙwabtanmu Ghana ma tun 2008 inshorar lafiyarsu take biya da irin wannan tsarin rukunin, mu kuma tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a Najeriya, wannan aikin naku ƙaruwa zai yi ta yi. Ki nemi a ƙara miki hannu ko na wata uku ne, ki ɗauki ɗaya daga cikin masu yankar kati mai kaifin kai ki fara koya mishi tare da sauran dan kar ranar da ɗaya ta tafi haihuwa aiki ya tsaya. Ba'a fafe gora ranar tafiya.

Bitar kwana ukun kar ki ƙi ta, ki karɓa a matsayin buɗe taro. Bayan an fara aiki ki riƙa zaro fayil goma na kowa duk sati kina dubawa, kuskuren da kika gani ki tara shi ku tattauna a zaman sati ba tare da kin kira sunan kowa ba, dan wanda aka kunyata a gaban mutane gobe ɓoye kuskurenshi zai yi. Ki buɗe littafi guda na sashe, duk hukuncin da kuka yanke a kan wani aiki mai rikitarwa ku rubuta da kwanan wata dan kowa ya riƙa sa iri ɗaya. Allah ya taimake ki, ki sake rubuto min bayan wata uku inji ya ake ciki.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni likitan tiyata ne. Tunda aka fara wannan sa lambar a wajenmu masu rekod suke dawo min da fayil da 'yar takarda a manne, wai dama ne ko hagu, wai an sa raga a gyaran ƙaba ko ba'a sa ba. Ina fitowa daga tiyata a gajiye ga marasa lafiya suna jira. Shin dole sai na koyi yarensu ne?
— Wani likita daga Kano

AMSA: Ranka ya daɗe likita, sannu da ƙoƙari, nasan irin tsayuwar da kuke yi. A'a ba dole ka koyi yarensu ba. A ƙa'idojin ICD-10-PCS ma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba'a sa ran likita ya yi amfani da kalmomin tsarin, aikin mai sa lamba ne ya karanta abin da ka rubuta ya gane wace ma'ana ya dace da ita. Amma abin da baka rubuta ba bashi da ikon ya ƙirƙira, ko da ya tabbata a ranshi haka aka yi.

Ka ɗauki ƙabar da ka ambata. Gyaran ƙabar matsematsi ta dama ta buɗewa ba raga 0YQ50ZZ ne, in ka sa raga ya koma 0YU50JZ, asalin aikin ma ya canza daga gyara zuwa ƙarfafawa da wani abu, in kuma ta hagu ce 5 ɗin ya zama 6. Ragar nan kuɗi ce asibiti ya saya, kuma shekara biyar nan gaba in mutumin ya dawo da ciwo a wajen wanda zai duba shi yana buƙatar sanin akwai ta a ciki. Ita ma tiyatar haihuwa haka, yankan ƙasan mahaifa 10D00Z1 ne, yankan tsaye na sama 10D00Z0, kai ka fi ni sanin abin da wannan bambancin yake nufi ga matar a cikinta na gaba.

Shawarata ku zauna da shugaban rekod ku fitar da fom na bayanin tiyata mai gurabe: wane gefe, ta ina aka shiga, an cire duka ko ɓangare, me aka bari a jiki, an ɗauki nama dan gwaji ko a'a, an canza hanya a tsakiyar aiki ko a'a. Minti biyu zai ɗauke ka kuma yawancin takardun nan zasu daina zuwa. Su kuma masu rekod ina jan kunnensu, tambaya ake yi ba'a sa wa likita magana a baki, kar ku rubuta mishi ai raga ka sa ko, ku ce wane abu aka yi amfani da shi wajen gyaran. Kuma likita dan Allah a taimaka da rubutu mai karantuwa.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibi ne na gama difloma a fannin rekod na lafiya. Naga ana talla a Facebook wai a koyi kodin, wato sa lambar asibiti, a sati biyu a samu aikin dala daga gida. In biya?
— Ƙaninki daga Gusau

AMSA: Ƙanena riƙe kuɗinka tukuna. Aikin akwai shi da gaske, asibitocin Amurka suna ba kamfanoni a Indiya da Filifins kwangilar sa lamba, amma waɗannan kamfanoni ne masu yarjejeniya da tsaro mai tsanani saboda dokar sirrin majinyaci ta can, ba wanda zai turo maka fayil ɗin mara lafiya a waya dan ka yi kwas ɗin sati biyu. Satifiket ɗin da ake ganin girmanshi a harkar waɗanda aka kwantar shine CCS na AHIMA ko CIC na AAPC, wata ƙungiyar masu sa lamba ta Amurka, shi CPC da kake yawan gani a talla na ɓangaren CPT ne, kuma duka jarabawa ce mai zafi da ake biya da dala.

Abin da zaka iya farawa yau ba ko sisi: hukumar CMS mai kula da Medicare tana sa teburan ICD-10-PCS da ƙa'idojinshi kyauta a shafinta na intanet, ana sabunta su duk 1 ga Oktoba, yanzu har da Afrilu, ka tabbata na shekarar da ake ciki ka sauke. Ƙa'idojin basu da yawa, ka karanta su sau uku. Ka nemi tsohon littafin sassan jiki wajen abokanka 'yan makarantar nas, ka haddace ma'anar asalin aiki 31 ɗin nan, ita kaɗai ce haddar da na yarda da ita. Sannan ka kammala rijistarka da hukumar ma'aikatan rekod ta Najeriya dan ka samu lasisi, ka nemi asibitin da ake tiyata sosai ko da aikin sa kai ne, ka roƙi a ajiye ka kusa da mai sa lamba. Ka yi wata shida kana karanta bayanin tiyata na gaske kullum, in ka kai inda zaka buɗe takarda ka gane B ne ko T ba tare da ka tambayi kowa ba, sai ka rubuto min mu yi maganar wace jarabawa zaka tara wa kuɗi.